Bororon Ƙafa Da Allurar Kemis: Gargaɗi Ga Masu Ciwon Sukari



Galibinmu da ƙafa muke neman abinci a nan Kudu. Mai ruwa a Agege, ɗan dako a kasuwar Mile 12, mai tallar goro a Sabon Ibadan, kowa a tsaye yake wuni. Saboda haka jawabina a yau a kan ƙafa ne, musamman ƙafar mai ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 masu wannan ciwo sun kai miliyan 830, watau da wuya a ce babu su a cikinmu.

In ciwon ya daɗe yakan kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi, ya kuma rage gudun jini zuwa ƙafa. Sai takalmi ya matsa, bororo ya fito, mai ƙafar bai sani ba, yana ta takawa har ya fashe. Ga laimar Kudu, ga ruwan kwata da damina, ga shi kuma yawan sukari ya raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Kafin a ankara bororo ya zama gyambo, gyambo ya ci har ƙashi, ƙarshenta likita ya ce ba makawa sai an yanke. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abu na biyu shi ne allura. Da yawa in ciwon gwiwa ko na baya ya dame su, sai su tafi kemis a yi musu allurar da ke sa jiki ya saki nan da nan. Sau da yawa sitiroyid ce, irin wadda ake rubuta wa dexamethasone ko hydrocortisone a jikin kwalba. Magani ne na gaske, likitoci na amfani da shi ga ciwon gaɓoɓi da asma. Amma ga mai ciwon sukari yakan ɗaga sukarin sama na kwanaki, wani lokaci har fiye da mako guda. Yakan rage wa jiki ƙarfin yaƙar cuta, ya jinkirta warkewar rauni, ya kuma danne kumburi da zazzaɓi, mutum ya zaci sauƙi ya samu alhali ƙafa na ruɓewa.

Don haka kada ka yarda a yi maka allura sai ka tambayi sunanta, ka kuma faɗa cewa kana da sukari. In likita ya ga lalle sai an yi, zai sa a riƙa auna jininka, ya gyara maka magani.

In bororo ya fito, kada a huda shi da allura ko reza, kada a zuba masa toka ko man birki, kada a gasa da ruwan zafi. A wanke da ruwa mai tsabta, a rufe da bandeji, a daina taka wurin, a nuna wa likita kafin a kwana biyu. In ko an ga ja, ko mugunya, ko wari, ko yatsa ya fara baƙi, to, a ranar za a tafi asibiti.

Duk lokacin alwala a duba tafin ƙafa, a goge tsakanin yatsu su bushe. A kakkaɓe takalmi kafin a sa. Mai yankan farce kuwa a gaya masa kada ya yanke kanta.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mai da mu gida da ƙafafunmu.