Jawabi Kan Matan Da Aka Tsare A Yaƙin Afirka Ta Kudu

 

In ana hirar yaƙi, yawanci labarin maza muke ji. Yau za mu waiwayi matan da aka tsare a Afirka ta Kudu daga 1900 zuwa 1902, lokacin da Ingila ta gwabza da Turawan Buwa, jikokin mutanen Holan masu noma a can.

Da Buwa suka koma yaƙin sunƙuru, sai Janar Kitchener ya sa a ƙone gonakinsu, a kashe dabbobi, a kwashe mata da yara zuwa sansanoni fiye da 40. Baƙar fata ma aka yi musu nasu daban, har sun fi na Turawan yawa.

To, yaya mace take wuni a ciki? Tanti ne ɗakinta, da rana zafi, da dare sanyi, sau da yawa a ƙasa take kwana da 'ya'yanta. Gari na wayewa sai layin awo: ɗan gari, ɗan gishiri, sukari, da nama in an samu. Da farko, wadda mijinta ke daji yana yaƙi har rage mata awon ake yi. Ruwa ba tsabta, itacen girki sai an sha wuya, sabulu kuwa ba a cika ganinsa ba. Jama'a, mu da muke auna hatsi a kasuwa mun san abin da rabin mudu yake nufi ga uwar yara biyar.

Nan ƙyanda da taifod da zawo suka samu wurin zama. Buwa kusan 28,000 suka mutu, fiye da 22,000 yara ne. Na baƙar fata, waɗanda aka iya ƙirgawa sun haura 14,000, don ba a ma damu da rubuta su sosai ba.

Wata Baturiyar Ingila, Emily Hobhouse, ta shiga sansanin Bloemfontein a 1901 da kayan agaji. Da ta koma gida ta tona asirin gwamnatinsu, aka zage ta, amma dole aka aika kwamitin mata, aka gyara abinci da magani, mace-macen suka ragu.

'Yan'uwa, mu mazauna garin wasu ne. In fitina ta tashi, matanmu da yaranmu za ta fara ci. Mu riƙe zaman lafiya da masu masaukinmu, kuma in 'yan gudun hijira sun sauka a unguwarmu, mu tuna da sabulu da ruwa da itace.

Allah Ya kiyashe mu. Wassalam.