Boke: Dushewar da ke Bayan Mahayi



Duk mai kallon hotunan Hawan Magajiya ko na Sallar Gani a Daura ya san irin wannan hoton: mahayi ya fito tar, har ana iya ƙirga zaren rawaninsa, jama'ar da ke bayansa kuwa sun narke sun koma launi zalla. Masu ɗaukar hoto suna kiran wannan dushewa boke. Kalmar daga Japan ta fito, inda take nufin dishi-dishi, kuma mujallar Photo Techniques ta Amurka ce ta yaɗa ta a 1997, lokacin Mike Johnston na editanta. Idan gwanaye suka ambace ta, kyan dushewar suke nufi: ta yi laushi ta kwanta, ko kuwa tana cizon ido?

A cikin gilashin kyamara akwai ƙofar da haske ke bi, wadda aka yi da siraran ɓallayen ƙarfe. In aka wangale ta zuwa lamba 1.8, abin da aka saita kaɗai ke fitowa sarai. In aka tsuke ta zuwa 11 ko 16, doki da taro da katanga duk za su fito. Dogon gilashi yana ƙara dushewar, haka ma nisan da ke tsakanin mahayi da bayansa. A wurin biki da dare abin ya fi bayyana, domin fitilun nesa sukan koma ƙwallayen haske. In ɓallayen 6 ne kuma an ɗan tsuke ƙofar, sai ƙwallayen su fito da kusurwa 6.

Waya kuwa kwaikwayo take yi. Kamfanin Apple ya sa wannan dabara a iPhone 7 Plus a 2016, inda manhaja ke ƙiyasta iyakar mutum ta shafe sauran. Shi ya sa take cin tsinin mashi da gashin jiminar figini.

Ga inda gizo ke saƙar. Matasa da yawa sun ɗauka dusashshen baya shi ne shaidar tsadar kyamara, sai a riƙa shafe kome. A Daura kuwa bayan hoton ne ke ɗauke da tarihi: ƙofar fada, dogarai cikin ja da kore, ginin rijiyar Kusugu, tawagar Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ya hau gadon sarauta a 2007. In aka dusar da waɗannan, jikan da zai duba hoton ba zai san Daura ce ko Zazzau ba, kuma wannan asara ce babba.

Ga misalin mai barin bayan hoto ya fito: Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948, yakan rataya yadi mai zane bayan mutanensa, zanen ya fito tare da su. A yau manyan gidajen tarihi na duniya suna baje hotunansa.

Boke yana da ranarsa: fuskar amarya, ko dattijo cikin cunkoson kasuwa. Amma ku matasa masu kyamara, ranar hawa ku tsuke ƙofar hasken nan, ku bar garin ya fito tare da mahayinsa.