Takardun Talla A Ƙofar Kanti



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne, har wani zai ce bai kai a tara mutane saboda shi ba. Watau 'yan takardun nan masu gam a baya, waɗanda ake kira sitika, da ake mannawa a ƙyauren ƙarfe na kantuna. Ba a ganinsu sai an rufe kanti. Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari ko Sabon Gari a Kano da sassafe, kafin 'yan kasuwa su fito, zai ga sun rufe ƙofofi, wata bisa wata. Yanzu kuwa sun bi hanya har sun iso mana Karaye da Rogo, har ƙauyuka irin namu Jajaye.

Me ake rubutawa a cikinsu? Ana haƙa rijiyar burtsatse. Ana yashe masai. Ana gyaran janareta, ana haɗa wutar sola. Ana koyar da darasin jarrabawa. Ga maganin basir da shawara da sanyi. A ƙasa kuma sai lambar waya, ba suna ba adireshi. Wannan lamba ita ke nuna mana shekarun abin, gama wayar salula ba ta yaɗu a Nijeriya ba sai daga 2001. Kafin nan, mai sana'a sai ya ba sankira ya yi masa shela ranar kasuwa.

To, a nan nake so mu lura. Ba mai ɓata kuɗinsa ya buga tallar abin da mutane ba su nema. Ashe ke nan kowace takarda shaida ce ta wani rashi. Inda ka ga tallar burtsatse ta yawaita, famfo ba ya kawo ruwa, ko da kuwa garin yana kusa da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992. Inda tallar magani ta yi yawa, asibiti ya yi nisa ko ya yi tsada. Saboda haka nake roƙon ma'aikatanmu, kafin ku sa a kankare su don tsabtace gari, ku tsaya ku karanta. Musamman tallar magunguna, wadda rayuka ke rataye da ita, kuma tun 1993 akwai hukumar NAFDAC da aka kafa don sa ido a kan magani.

Ɗalibai kuwa, aikinku shi ne tarawa. Mu tuna da 'yan ƙananan littattafan kasuwar Anaca. Sa'ad da ake sayar da su ba a ɗauke su bakin kome ba. Da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya lalata kasuwar, sai abin da wasu manazarta suka adana ya zama abin dogara. Sitika ta fi su saurin mutuwa, damina ɗaya ta ishe ta. Ku ɗauki hotonta, ku rubuta gari da kwanan wata, kada kuma ku gyara kuskuren rubutun, domin shi ma tarihin harshe ne.

Sai batun kwaikwayonta don barkwanci. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. 'Yan kama sun daɗe suna ɗaukar muryar waƙa sananniya su juye ta ta koma zancen tuwo da fura, yara kuma suna kwaikwayon manya a tashen azumi. Alal misali, mai barkwanci zai iya juya “ana yashe rijiya” ta zama “ana yashe aljihu”, ko “maganin basir” ya koma “maganin bashi”. Mutane za su yi dariya, amma wanda ya yi dariyar ba zai sake gaskata kowace takarda ido rufe ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada a sa lambar wayar wani, kada kuma a yi wa talaka mai neman halaliyarsa izgili. A auna maƙaryacin da ke alkawarin warkar da cuta goma da kwalba ɗaya.