Linux a Ofisoshi da Makarantu: Munich Ba Ita Ce Hujjar Ƙarshe Ba



Batun wannan lacca shi ne babbar manhaja, wato wadda take tafiyar da kwamfuta kuma sauran manhajoji suke aiki a kanta, musamman nau'in da ake kira buɗaɗɗiya saboda kowa yana da damar karanta umarnin da aka gina ta da shi, ya gyara, ya rarraba, ba tare da kuɗin lasisi ba. Misalinta shi ne Linux, wadda Linus Torvalds ya fitar a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, bayan Richard Stallman ya soma aikin gina irin wannan manhaja mai suna GNU a 1983.

Duk lokacin da aka kawo shawarar komawa Linux, jami'an sayayya sukan kafa hujja da birnin Munich na Jamus, wanda majalisarsa ta zaɓi Linux a 2003, ta kai kwamfutoci kusan 15,000 kanta zuwa 2013, sannan ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. Abin da ba sa ambata shi ne a wancan lokacin harkar kwamfutocin birnin a warwatse take tsakanin sassa masu yawa, kowanne da nasa tsari, kuma a 2020 sabbin masu mulkin birnin sun sake alƙawarin fifita buɗaɗɗun manhajoji.

Misalin da ya fi cancantar nazari shi ne na rundunar jandarman Faransa, domin ita ba ta fara da babbar manhajar ba. A 2005 ta sauya manhajar rubutu da lissafi zuwa OpenOffice, daga baya ta koma Firefox wajen shiga intanet, kuma sai a 2008, bayan hannun ma'aikata ya faɗa a kan waɗannan, ta yanke shawarar ɗaukar Ubuntu, wani nau'in Linux, wadda ta gyara daidai da bukatunta ta kira ta GendBuntu. Jandarman da aka sauya wa kwamfuta ya tarar da manhajojin da ya riga ya saba da su, shi ya sa sauyin ya ɗore har ya game kwamfutoci fiye da 70,000. Da sannu aka bi, kuma cibiya ɗaya ce ke kula da aikin.

Gaskiya ne Photoshop da AutoCAD ba su da samfurin Linux, wasu na'urorin buga takarda sukan ƙi aiki, fasalin takardun Word yakan ɗan jirkice, horar da ma'aikata kuma yana cin kuɗi, amma waɗannan matsaloli na tebura ƙalilan ne. A ɗaya ɓangaren, Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 tana bukatar ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda yawancin tsofaffin kwamfutoci na hannu da ke makarantunmu ba su da shi.

Saboda haka, wajibi ne kowace ma'aikata ta fara da buɗaɗɗiyar manhajar rubutu da lissafi irin LibreOffice kafin ta taɓa babbar manhaja, a ɗora Linux a kan tsofaffin kwamfutocin makarantu maimakon Windows na jabu, kuma kuɗin lasisin da aka rage ya tafi ga horar da masu gyara na cikin gida. Na ƙarshen nan shi ne sharaɗin nasarar sauran biyun.