Kankare Tsohon Fenti Daga Jirgin Alminiyam

Yau maganarmu a kan jirgin ruwa ce.

Duk wanda ya sauka bakin gulbi a Birnin Kebbi ko Argungu ya san kwale-kwalen katako. To, akwai kuma jirgin alminiyam, wato farin ƙarfen nan mara nauyi da a ke ƙera tukwane da shi. Idan fentinsa ya tsufa ya kan kumbura, ya yi ta ɓarewa. In mun ɓamɓare shi sai mu ga farin gari kamar gishiri. Ruwa ne ya ɓuya a nan yana cin jirgin. Shafa sabon fenti a kan wannan ɓarnar kuɗi ce. Sai an kankare tsohon tukuna.

Da rani a ke aikin. Mu ja jirgin nesa da ruwa, mu kife shi a inuwa bisa tsofaffin buhuna. Mu kankare da guntun katako mai baki, sa'an nan mu bi da samfefa, muna yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi. A yi sannu a kan ƙusoshi. In kan ƙusa ya cinye, nan jirgi zai yi yoyo, watakila a tsakiyar gulbi, da mata da yara a ciki.

Wani zai ce wannan hanya ta yi jinkiri, bari ya zuba soda irin ta sabulu. Kada ya yi. Soda tana cin fenti, gaskiya ne, amma tana cin alminiyam kuma. Ko ruwan toka aka bari ya kwana cikin tukunyar alminiyam ya kan ɓata ta, balle soda. Kada kuma a babbake da wuta. Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, baƙin ƙarfe kuwa sai ya wuce 1,500. Tun kafin ya narke ma ya lanƙwashe, ƙarfinsa ya ragu. Buroshin baƙin ƙarfe shi ma a ajiye shi, gama ɓarɓashinsa ya kan maƙale a jikin jirgi ya jawo ramuka.

Saura maganar yara. Waɗansu fenti akwai dalma a cikinsu, dalma kuwa guba ce. A shekarar 2010 ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara. Can daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Saboda haka mu kori yara daga wurin, mu ɗaure hanci da baki, mu wanke hannu kafin tuwo. Abin da ya zuba bisa buhuna a tattara, kada a watsa a gulbi, kada a ƙone.

In an gama, a wanke jirgin ya bushe, a shafa fentin fari a ranar. Mu gaya wa mai kanti na alminiyam mu ke so, wanda babu jan ƙarfe a ciki, don jan ƙarfe ma yana cinsa.