Jawabi Kan Shuka Kariya a Gida



Idan damina ta wuce, ciyawa ta bushe, a lokacin ne kariya take fid da furenta mai ruwan hoda. Tsiron dajin ƙasarmu ce, ba baƙuwa ba ce. In an shuka ta sau ɗaya, za ta yi shekaru tana fure.

Mai son shukawa ya yanko reshe kamar kamu ɗaya. Ya ajiye shi a inuwa kwana 3 ko 4, bakin yankan ya bushe. Sannan ya kafa shi a jigawa, inda rana take bugawa sosai. Kada ya kai shi fadama. Kariya tana ajiye ruwa a gindinta, yawan ban ruwa ruɓar da ita yake yi.

Amma a kula, ruwan jikinta dafi ne. Mutanen da suna shafa shi a kibiya, suna kuma kashe kifi da shi. Wanda ya yanka ta ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci. A shuka ta nesa da turken awaki da wurin wasan yara.