Jawabi a Ranar Yaye Ɗaliban Sashen Gini

  

Tun da yake al'adar magabata ce, idan za a sallami almajiri, a yi masa guzuri da ƙissar wanda ya riga shi bin tafarkin, na ga ya dace in kawo muku tarihin wani birkila mutumin Amurka, John Kelly, wanda aka haifa a birnin Filadelfiya a 1889, ɗa ga baƙin da suka yi ƙaura daga ƙasar Ayalan. Yana saurayi ya shiga koyon jera bulo, idan kuma ya ajiye cokalin gini, da siminti a farcensa da kanta a tafinsa, sai ya gangara kogin garinsu ya shiga kwale-kwalen tsere, har ya zama ba mai kamo shi a duk faɗin ƙasar.

A 1920 ya nemi shiga babbar gasar Henli ta Ingila, aka ƙi shi, kuma a cikin hujjojin da aka kafa har da wata ƙa'ida wadda ta haramta gasar ga duk mai cin abinci da aikin hannunsa. Bai yi jayayya da ƙaddara ba, bai kuma ji kunyar sana'arsa ba. A wannan shekarar, a wasannin Olimfik na birnin Antwap, ya tsere wa Jack Beresford, Baturen da ya lashe gasar da aka hana shi, sa'an nan a ranar, kafin gumi ya bushe, shi da ɗan'uwansa Paul Costello suka ci zinariya ta biyu, suka sake cin wata a Faris a 1924.

Abin lura, ya ku 'ya'yana, shi ne ɗaukaka ba ta raba shi da bulo ba, domin kuwa kamfanin kwangilar da ya kafa ya bunƙasa, ya yi manyan gine-gine, ya arzuta shi, ya ciyar da magina masu yawa, har Allah ya nuna masa ranar da ɗansa ya ci gasar Henli a 1947, bayan an soke waccan ƙa'ida. Ya rasu a 1960.

Mu kuwa Musulmi mun fi kowa cancantar girmama wannan sana'a, tun da Annabi Ibrahimu da Annabi Isma'ila, amincin Allah ya tabbata a gare su, da hannuwansu suka ɗaga ginin Ka'aba. Saboda haka ku riƙi amana: kada ku rage siminti, kada ku taƙaita harsashi, kada ku tauye haƙƙin lebura, gama rayukan bayin Allah ne za su kwana a ƙarƙashin abin da kuka gina.

Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya ba ku halal mai yalwa, ya saka wa malamanku da alheri.